“To” Ɗin Da Ba Nawa Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci kai, ya kuma halicci hular da ke rufa masa asiri. Ni ne Sule, wanda mutanen ƙauyenmu na gabas da garin Ƙofa suke kira Malam Aji-Uku, saboda a aji uku na elementare na yi sallama da boko. Ba fin ƙarfina ya yi ba, na ga dai na kusa ƙure malamin ne, na tausaya masa. Na rubuta wannan da hannuna, ɗana Ilu ya raba haruffan da suka hau kan juna, domin duk wanda ya ji ƙaurin tuwo alhali ba a hura wuta ba, ya ƙyale matarsa ta huta, ya nemi asibiti. Ni ban yi haka ba. Ga abin da ya biyo baya.

Bayan girbin dawa abin ya fara. Ina zaune a ƙofar ɗaki da hantsi, sai in ji ƙauri ya tokare mini hanci. In ɗaga murya in kira matata:

“Asabe! Tuwonki ya kama!”

Ta leƙo da tsintsiya a hannu. “Malam, wane tuwo da hantsi? Ko tokar jiya ban kwashe ba.”

“Wani abu dai na ƙonewa a gidan nan.”

“Sai dai in kanka ne.”

Da matar nan ta san gaskiyar da ta faɗa, da ta buɗe asibiti.

Bayan ƙaurin sai wani abu ya taso mini daga cibiya zuwa maƙogwaro, irin wanda mutum ke ji in mota ta gangara kwari da gudu. Daga nan kuma babu. In dawo in ga kazar da ke gabana ta koma bayan rumbu. Abin da ke faruwa a tsakani, Asabe ce ta ba ni labari daga baya. Wai sai in ƙura wa wuri guda ido, in riƙa taunar goron da babu shi, ina tsintar zare a gaban rigata, ina gyaɗa kai ina cewa, “To... to... to.” Ita da farko ta ɗauka tsufa ne ya tausasa ni. Ta nemi izinin zuwa biki Ba'awa, na ce to. Ta ce za ta yanka jan zakara, na ce to. Da na ga fuka-fukan zakarana a juji na tayar da hankali, ta ce ba ta san tsufa na zuwa da ƙarya ba sai a kaina.

Da a kan zakara abin ya tsaya, da ban ɓata takarda ba.

A ƙauyenmu ni ne mai sanin iyaka. Mahaifina ya zaga da ni kowace gona tun ina riƙe masa gora, ya nuna mini inda aka dasa gamba, inda aka binne dutse. In rikicin ƙasa ya tashi, Dagaci kan aiko a kira ni, a shimfiɗa mini buzu kusa da shi. A shekarar nan Alhaji Tanko, mai gonar da ke bakin rafi, ya kai ƙara a kan burtali, hanyar nan da shanu ke bi tsakanin gonaki su gangara mashaya. Ya ce kakansa ne ya ba da aron wurin, yanzu yana son abinsa ya shuka masara. Shanun da ke bin burtalin kuwa na Ardo Manu ne. Rugarsu tana bayan gari tun kafin a haife ni, suna kiwo suna noma, kabarin iyayensa na nan. In aka toshe burtali, ba su da hanyar ruwa, sai tashi. Kuma a garken Ardo saniyata take, ɗaya tak da na mallaka a duniya, yana kiwonta amana.

Na tafi zauren Dagaci bayan la'asar da jawabina a shirye. Zan ce burtalin ya girmi kakan Alhaji, zan kai su in nuna musu kututturan tinyar da aka shinge shi da su. Alhaji ya fara magana, ya ɗauko ta tun daga zamanin Turawa. Ina jiran ya gaji sai na ji ƙauri. Na ce a raina, wa ke ƙona wake a gidan Dagaci?

Da na dawo, hannuwa na gani a sama, Liman yana jan fatiha. Na ɗaga nawa, na shafa tare da jama'a, ban san abin da na ce wa amin ba. Alhaji Tanko ya kama hannuna da hannu biyu.

“Allah ya saka da alheri, Malam. Gaskiya ɗaya ce.”

Ardo ya ɗauki sandarsa ya fita bai dube ni ba. A waje na ja ɗan saƙon Dagaci gefe, na yi kamar ina neman yabo. “Kai, yaya ka ji bayanina?”

“Ai gajere ne, Malam. Dagaci ya ce ka yarda aro ne? Ka ce to. Ya ce a rufe in damina ta faɗi? Ka ce to. Har ya sake tambaya, ka gyaɗa kai.”

Mai karatu zai ce me ya hana ka komawa ciki? Ka zauna a buzuna tukuna. An shafa fatiha, magana kuwa zarar bunu ce. In koma in ce me? In ce jama'a ku yi haƙuri, ɗazu ba na gida? Na gyara hula na tafi, ina tafiyar dattijon da ya yanke hukunci.

Ba a jima ba Ardo ya yi sallama a ƙofar gidana, da saniyata a igiya. Muka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, bai bar ko akuya bai tambaya ba. Sannan ya ɗaure saniyar a jikin dalbejiya da wata igiya da ya gani a wurin.

“Ga amanarka, Malam Sule. Tana da ciki. In mun tashi, hanya za ta yi mata nisa.”

“Ardo, zauna mana a kawo ruwa.”

“Na sha.”

Ya kwance igiyarsa da ya zo da ita, ya saɓa a kafaɗa, ya juya. Da zagina ya yi, da na ji sauƙi. Bafulatani ba ya zagi, sai ya gaishe ka har ka ji kunya ta kai maka ƙashi.

Da rani ya tsaya sai ciwon ya daina sallama. Ina alwalar azahar a tsakar gida na ji ƙaurin, wannan karon ya zo da iyayensa. Na farka kaina a kan cinyar Asabe, harshena a tauné, bakina duk jini da yawu, wandona a jiƙe, kuma ba ruwan buta ba ne. Ta riga ta kora jikoki maƙwabta, ta sa wa ƙofar zaure sakata. Ta kama ni zuwa ɗaki, ta wanke wandon ta shanya shi a ciki, inda rana ma ba za ta gani ba. Mu biyu mun san sunan abin, babu wanda ya faɗa. A wajenmu farfaɗiya ba ciwo ba ce kawai. An ce yawun mai ita in ya taɓa ka, ka ɗauka. Ba a cin kwano ɗaya da shi. 'Yan matan gidansu kuwa, sai manema su riƙa tuna wani uzuri.

Yayata Hansai ta zo daga Ɗansoshiya da ƙullin hayaƙi, ta ce 'ya'yan mutanen ɓoye na taka a gindin tsamiya. Aka lulluɓe ni da bargo aka turara. Sauron ɗakin dai ya warke daga duniya, ni ina nan. Mai kemis ya ce hawan jini ne, ya ba ni ƙwayoyi masu launi kamar duwatsun wuya. Wani ya ce in bar goro, na bar shi da shawararsa. Liman kuwa jiri kawai na ce masa ina yi. Ya ba ni rubutu, ya ce, “Sha, Malam Sule, amma ka je asibiti. Wanda ya saukar da cuta ya rarraba maganinta, bai tara shi duka a allona ba.” Allah ya saka masa.

Asabe ce ta aika wa Ilu, wanda ke koyarwa a firamare a Kiru. Ya kai ni asibitin da ke kusa. Muka yini a benci, likita ya saurari Asabe fiye da yadda ya saurare ni, abin da ban ji daɗinsa ba, ya ce sai Zariya, can ne ake da na'urar da ke duba kai. Ragon layya ya tafi kasuwa, buhun masara ya bi shi ya ga hanya.

Lokacin wahalar man fetur ne. Muna zaune a Kwanar Ɗangora muna jiran motar da za ta tausaya mana, Ilu ya so ya kwantar mini da hankali.

“Baba, kada ka ji tsoro. Wayoyi kawai za su manna maka a ka. Duniya ta ci gaba. Na ji a rediyo wai Turawa na ƙoƙarin haɗa kan mutum da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta riƙa taimakonsa wajen yanke shawara. In zai yi kuskure ta faɗakar da shi.”

“Mai ƙwaƙwalwa ka ce?”

“Haka ake kiranta.”

“Tata ta kanta?”

“To, kusan haka.”

Yaro ya ce ana ƙoƙari, ni na ji an gama. Na yi lissafi irin na aji uku: ƙwaƙwalwata ɗaya, tata ɗaya, biyu ke nan. Dattawa biyu in sun zauna, ai ba a rasa mafita. Tun ranar da Ardo ya juya mini baya tambaya ɗaya ke cina: in tona wa kaina asiri a zauren Dagaci, ko in yi shiru ruga ta tashi? Na kasa zaɓa. Yanzu ga wadda za ta zaɓa mini, kuma in ta zaɓa, laifin nata ne. Na shiga mota da ƙarfina har Asabe ta ce ko dai na warke mu koma.

Asibitin Zariya gari ne guda. Layin kati, layin biya, layin tambayar ina ne layi. Zuwan farko aka ce an ɗauke wuta. Zuwa na biyu aka ce takardar na'urar ta ƙare, ana jiranta daga Ikko. Muka sauka a wurin wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi, Allah ya ba shi aljanna, matarsa kuma Allah ya ƙara mata gishiri a hannu. Asabe ce ke riƙe da ni a kowane tsallaken titi, tana yi kamar ita ce ke tsoron mota.

A zuwa na uku aka shigar da mu. Mai aikin na'urar wani siririn mutum ne mai farar riga. Ya ce in cire hula. Ni, a gaban wata nas sa'ar jikata! Na cire.

“Daga ina, Baba?”

“Daga ƙasar iyayen gidanka. Kano.”

“Af! Alhamdu lillahi. Yau Allah ya kawo mini bawana har ɗaki, ya kuma cire hula da kansa.”

Ashe Bazazzagi ne. Na ce, “Yi aikinka, yaro. Bawa ke yi wa ubangidansa aski.”

Ya shafa mini wani abu mai sanyi kamar kullu, ya riƙa manna wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ja, kore, rawaya, har kaina ya koma kamar an yi wa tsoho kitson sallah. Asabe ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Wayoyin duk sun tafi cikin wani akwati mai alƙaluma a jere, da doguwar takarda a ƙarƙashinsu.

“Yaya sunanta?” na tambaya.

“I-I-JI.”

“I, i, ji?”

“Ƙwarai. Kana cewa i a zuci, ta ji. Duk abin da Bakano ya ɓoye, alƙaluman nan za su rubuta. Yau asirinku ya tonu. Rufe ido.”

Jama'a, ni ne fa. Ni da na shekara sittin ina tsokanar mutane, taubasaina suna canza hanya in sun hango ni. Wasan Kanawa da Zage-zagi tun ina goye nake jinsa. Amma ka cire wa mutum hula, ka ɗaure kansa da waya, ka ga ko zai gane wasa. Na yarda ɗari bisa ɗari.

Alƙaluma suka fara ƙarr, ƙarr. Na ce bari in cika mata takarda da abin kirki, na kama Ƙulhuwallahu. Ban kai ƙarshe ba sai ga kilishin da nake ɓoyewa a cikin hula ranar kasuwa, in ci ni kaɗai a bayan rumbu. Na kore shi, sai ga wata mai fura da na taɓa yi wa murmushi zamanin ina da haƙora. Na kore ta. Sai ga bayan Ardo, da igiya a kafaɗa, yana tafiya. Wannan ya ƙi koruwa. Alƙaluma kuwa ba su fasa ba.

“Ba da gangan na yi ba!” na faɗa da ƙarfi.

“Baba, yi shiru, kana ɓata mini aiki. Yanzu yi ta haki, kamar kare ya biyo ka.”

Na yi ta haki. Can sai ga ƙauri.

Da na dawo, Bazazzagin ya daina dariya. Yana goge mini baki da auduga da hannunsa, babu ƙyama, yana cewa, “Sannu, Baba. Sannu. Mun kama shi.” Asabe na riƙe da ƙafata.

Kafin ranar ganin likita na yi dabara. Tunda komai na rubuce, gara ta ji daga bakina. Na ce, “Asabe, akwai maganar wani kilishi.”

“Na hula? Malam, wa ke wanke hular?”

Maganar mai fura na bar wa takarda.

Likitan mutum ne mai sanyin murya. Ya warware takardar a kan tebur. Layuka ne a jere, kamar kunyoyin gwanin huɗa, suna tafiya lafiya lau, sai a wani wuri suka hargitse kamar shanun huɗar sun ga maciji. Ya ɗora yatsa.

“A nan ka ce to.”

Ya ce kan mutum da wata 'yar wuta yake aiki, ni kuma tawa tana tartsatsi a wani wuri saman kunne. In ta yi, mai gidan sai ya fita, a bar baki yana maimaita abin da ya fi sabawa da shi.

“Abin da ya fi sabawa da shi?” na ce.

“Galibi haka ne.”

“Ashe,” in ji Asabe, a hankali, tana kallon silin.

Wannan ta fi wandon ciwo. Ni da nake ganin kaina mai faɗa a ji, ashe da aka bar bakina shi kaɗai ba makiyayi, hanyar da ya sani ke nan. Shekara nawa ina ce wa manya to, har ta yi burtali a harshena?

Likita ya ambaci sunan ciwon ƙarara, kamar yana cewa mura. Ya ce ba iska ba ce, ba a ɗaukarta a yawu ko a kwano, kuma akwai 'yar farar ƙwaya da za ta riƙe ta in na riƙe ƙwayar. Ni kuwa idona na kan kusurwa, inda aka lulluɓe wani abu da ƙyalle kamar amarya.

“Likita, waccan ce mai ƙwaƙwalwar?”

“Ita ce.”

“To a haɗa ni da ita. Ina da shawara.”

Ilu ya sunkuyar da kai. Na ba likita labarin burtali a gajarce, na ce a tambaye ta, in faɗa ko in yi shiru. Bai yi dariya ba, Allah ya ba shi lada, amma na ga inda ya danne ta.

“Baba, wannan sunayen marasa lafiya take ajiye mana. Waccan ta wayoyin kuma ba ta jin tunani, tartsatsin kawai take gani. Ta nuna mana to ɗin da ba naka ba. Iyakar karatunta ke nan. Abin da ɗanka ya ji, ƙoƙari ake, wataƙila jikokinka su gani. Ko sun gama ma, ba ta san Ardo ba.”

A hanyar fita na tare Bazazzagin. “Kai, ashe ba ta karanta zuciya?”

“Haba Baba, zuciyar Bakano? Ina muka ga takardar? Duk ciniki ne.”

Na tafi Zariya neman wanda zai ɗauke mini kaya, na dawo da kayana, an ƙara mini da ƙwaya.

Ƙwayar ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba. Makonnin farko ta mai da ni kasa, ina barci a zaune, ina barci a tsaye, sau ɗaya har a sujada. Daga baya jiki ya saba, ƙauri ya yi nisa. Asabe ce ke ba ni ita da hannunta, ta tsaya sai ta ga maƙogwarona ya motsa. Amma maganar burtali na nan. Hansai ta ce in na buɗe baki ta yafe ni. Ilu ya zauna yana murza hula, ya ce, “Baba, ba hana ka nake ba. Amma ka san ina da 'ya'ya mata.” Ban ga laifinsa ba. Na ce sai na yi tunani. Na yi ta tunani har gajimare ya fara haɗuwa a gabas, har na ga an kai garma gonar Alhaji Tanko.

Ranar nan Asabe ta dawo daga rijiya, ta sauke tulu da ƙarfi.

“Matan ruga na wanke ƙore suna jerawa a raga. Matar Ardo ta ce in yafe mata.”

Na ci gaba da gyaran ƙotar fartanyata.

“Malam, magana nake.”

“Na ji. Ke ba ki san abin da mutane za su ce ba.”

“Ni na wanke wandon, ban mutu ba. Na goge yawun, ga ni tsaye. Kai faɗa kawai aka ce ka yi.” Ta juya za ta shiga ɗaki, ta tsaya. “Kuma kada ka ce mini to.”

Na aika wa Dagaci cewa ina da magana, a tara waɗanda aka tara. Na sha ƙwayata, na sa babbar riga. Ardo ya zo don an kira shi, ya zauna can bakin ƙofa, sanda a tsakanin gwiwoyi. Na ƙi hawa buzu, na zauna a ƙasa.

“Ranka ya daɗe, shaidar da na bayar a kan burtali ba ni na bayar ba. Ina zaune a nan, amma ba na nan. Farfaɗiya gare ni.”

Ban taɓa sanin zauren nan na da faɗi ba sai ranar. Wanda ke damana ya tuna ƙafarsa ta yi sanyi, ya matsa. Wanda ke haguna ya janye moɗar ruwa a hankali, kamar mai satar ta. Na ba su labarin ƙauri, da wayoyi, da takarda. Na kilishi ban bayar ba.

Alhaji Tanko ba wawa ba ne. Ya gyara zama. “Ranka ya daɗe, Allah ya ba shi lafiya. Amma an shafa fatiha. Kuma mutumin da ya ce da bakinsa kansa na fita yawo, ta yaya za mu san yanzu yana gida? Wa ya sani ko ciwon ne ke magana yau, ran nan kuwa shi ne?”

Aka yi gunaguni, don tambaya ce mai kyau. Ni ma da a buzu nake, da na yaba mata. Na duba kusurwa, babu na'ura. Na duba cikin kaina, babu dattijo na biyu.

“Alhaji,” na ce, “ciwon nan na zauna da shi, na san iyakar karatunsa. Ko aji ɗaya bai gama ba. Kalma ɗaya ya iya. Bai taɓa cewa a'a ba. Yau a'a nake cewa. Burtali ba aro ba ne. Ku tashi in nuna muku.”

Liman ya ce fatiha addu'a ce, ba kwaɗo ba ce da za a kulle kuskure da ita. Muka fita gaba ɗaya, ina gaba, jama'a na biye da ni daga ɗan nesa, nesan da ban saba da shi ba. Na sa aka tona inda na nuna, kututturan tinya suka fito a jere, har bakin rafi. Dagaci ya ce burtali na nan. Alhaji ya ɗan ci gefensa da garma daga baya, amma saniya biyu na wucewa kafaɗa da kafaɗa.

Kada wani ya ɗauka an yi mini kiɗa. Alhaji Tanko ya daina amsa gaisuwata. Dagaci ya yi mini godiya mai yawa, irin wadda ake yi wa wanda ba za a sake kira ba, kuma ba a sake ba. A wurin suna yanzu kwanona daban ake kawo mini, wai girmamawa. Babbar 'yar Ilu, wanda ke zuwa zance wurinta ya tafi Legas neman kuɗi ba sallama. Ta yi kuka, kuma kukan nan a wuyana yake, ko da yake wani ya zo daga baya wanda ya fi shi hankali da tsawo. A gida kuma Asabe ta kafa doka: to ɗina ba ya aiki sai an sake tambayata bayan na sha ruwa. Zakaru sun samu lafiya.

Don haka ga gargaɗina. Wanda ya ji ƙaurin da babu wuta, ko aka ce masa ya yi maganar da bai tuna ba, ya tafi asibiti tun abin na kan zakara. Ya tafi da abincinsa da haƙurinsa, da wanda ya ga abin da idonsa. In Bazazzagi ya gaya masa magana, ya raba ta biyu ya zubar da duka. Kuma kada ya sa rai akwatin zai zaɓa masa komai.

Bayan ruwan shuka Ardo ya yi sallama. Ya zo da igiyarsa a kafaɗa da ƙwaryar fura da nono a hannu. Muka gaisa har kan akuya. Ya dubi saniyar da ɗan maraƙinta a gindin dalbejiya, ya ce sun rame, Bahaushe bai iya kiwo ba. Sannan ya zauna a tabarmata, ya buɗe faifai. Ludayi ɗaya ne a ciki. Na ɗaga murya in ce Asabe ta kawo wani, ya ɗaga hannu ya hana.

“Bisimilla, Malam Sule.”

Na sha. Na sake sha. Na ajiye ludayin a gefen faifai, can nesa da shi. Ya miƙa hannu ya ɗauka, bai ɗauraye ba, ya tsoma, ya kai baki.

“Ardo,” na ce, “mutane na cewa ana ɗauka fa.”

Ya haɗiye, ya share gemu, ya sake tsoma ludayin.

“To,” in ji shi.

Na dube shi da kyau. Ba ya tauna, ba ya tsintar zare, idonsa na kaina. Nasa ne.